Zauren Ciniki: Tsofaffin Kuɗi A Gwanjon Intanet, Ba A Cinikin Biri A Sama

 A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani ciniki da ya fara jan hankalin wasu 'yan'uwanmu a zanguna, tun daga Nima da Sabon Zango na Ankara har zuwa Kumasi da Tamale, wato sayen tsofaffin kuɗin ƙarfe ta hanyar gwanjon intanet. Wasu suna saye ne don sha'awar tarihi, su ajiye irin kwabo da sule da iyayenmu suka kashe. Wasu kuma azurfar da ke jikin kuɗin suke so, don sun ga yadda darajar sidi take hawa da sauka. Akwai kuma masu saye don su sayar su ci riba. Ko wanne ne daga ciki, kuɗin guminsa yake turawa wurin mutumin da bai taɓa gani ba, don haka ya kamata mu yi wa juna tuni tun kafin a yi asara.

Gwanjo dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ana kawo kaya, wannan ya taya, wancan ya ƙara, wanda ya fi kowa tayi a sallama masa. Haka abin yake a intanet tun lokacin da aka kafa eBay a Amurka a shekarar 1995, sai dai akwai babban bambanci guda ɗaya. A da, idan aka miƙa wa bafatake kuɗin azurfa, sai ya jinjina shi a tafin hannu, ya jefa shi a kan dutse ya saurari amonsa, ya duba bakinsa, kana ya karɓa ko ya ce albarka. Mai saye a intanet ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, hoto kawai yake gani da 'yan kalmomin da mai kaya ya ga dama ya rubuta. Wannan shi ne ainihin abin da Hausawa suke kira cinikin biri a sama. Abin da zai maye gurbin hannu da kunne a nan shi ne ilmi, wato mutum ya san nauyin kuɗin da yake nema, da faɗinsa, da irin ƙarfensa, da tarihinsa, tun kafin ya danna tayi.

A lura, cutar da ake yi a wannan ciniki iri uku ce. Akwai kuɗin da shi kansa jabu ne. Akwai kuɗi na gaskiya amma labarin da aka ɗora masa ƙarya ne. Akwai kuma hoto na gaskiya wanda babu kuɗin a bayansa ko kaɗan. Za mu fara da ta biyu, domin ita ta fi kama mutane, kuma sikeli ba ya gano ta.

Labarin liyari

Babu misalin da ya fi dacewa kamar liyari, wato babban kuɗin azurfar nan mai kan mace a gefe ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen. Macen ita ce Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a shekarar 1780. Wannan kuɗi ya yi yawo a duniya fiye da yadda masu shi suka zata. An yi ciniki da shi a Yaman da Habasha da Sudan da Wadai da Barno har ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a shekarar 1851, ya tarar ana canja dalar azurfa irin wannan a kan wuri 2,500. Mata sun yi ado da shi, maƙeran fari kuma sun narka shi sun yi zobba da mundaye, shi ya sa har yau akan same shi a adakar tsofaffi.

To, abin da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne, shekarar 1780 da ke jikin liyari ba ta nuna shekarar da aka buga shi. Bayan rasuwar sarauniyar, 'yan kasuwar gabas sun ƙi yarda da wani kuɗi sai nata, saboda haka aka ci gaba da buga shi ba tare da an sauya shekarar ba. An buga shi a Biyana, an buga a Rum da Landan da Faris da Bambai a ƙarni na 20, har adadin da aka buga ya kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga shi har yanzu, da wannan 1780 ɗin a jikinsa. Ke nan idan ka ga mai gwanjo ya rubuta cewa ga kuɗi mai shekara fiye da 240, wanda ba a samun irinsa, yana neman farashin hauka, to ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma yana fatan kai ba ka sani ba. Lalle akwai tsofaffin bugu masu tsada, amma ƙwararru ne suke bambance su ta ƙananan alamomi, kamar siffar alamar gicciyen da ke bayan shekarar, da haruffan da ke ƙarƙashin kafaɗar sarauniyar. Liyari na yau da kullum kuwa, darajarsa ita ce ta azurfar da ke cikinsa da ɗan abin da ba a rasa ba. Nauyinsa giram 28.07 ne, kashi 83.3 cikin ɗari azurfa ce, saura jan ƙarfe, wato tsantsar azurfarsa giram 23.4 ke nan. Nemi farashin giram ɗaya na azurfa a ranar, ka ninka sau 23.4, ka san inda za ka tsaya.

Kwabo da sule na zamanin Turawa

Irin wannan ƙarin gishiri ana yin sa ga kuɗin da aka kashe a nan ƙasar. Dattawanmu suna tune da kwabo da ɗari da anini masu huda a tsakiya, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. An fara buga irin waɗannan a shekarar 1907, sa'an nan bayan an kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, sai taro da sisi da sule da fataka suka fito a 1913. Sau da yawa za ka ga an sa kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas a gwanjo, ana cewa ai wannan sarki bai cika shekara a kan gado ba, don haka kuɗinsa ya fi zinariya wuyar samu. Gaskiya ne ya hau a watan Janairu ya sauka a watan Disamba na 1936, kuma a Ingila ba a saki kuɗi da sunansa ba. Amma a Afirka ta Yamma an buga kwabo da ɗari da anini da sunansa har miliyoyi, saboda haka yawancinsu ba su da wata tsada.

Haka nan batun azurfa. Sule da fataka na azurfa su ne na 1913 zuwa 1920. A shekarar 1920 aka koma yin su da gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa, kuma ba a sake komawa azurfa ba. Ke nan duk wanda ya ce maka ga sulen azurfa na 1938 ko na 1947, to ko an shafe shi da ruwan azurfa, ko kuma zancen ƙarya ne. Taron da aka fara bugawa a 1938 fari ne tas, amma babu azurfa a cikinsa, gaurayen jan ƙarfe da nikel ne. Kuɗin da suka fito a 1958 masu kan Kwame Nkrumah su ma haka, sisi da sule da fataka duk farin ƙarfe ne, sai mai sule goma kaɗai aka yi da azurfa. Duk waɗannan bayanai suna nan a littattafan jerin kuɗin duniya, kuma shafin Numista yana ba da nauyi da faɗi da irin ƙarfen kusan kowane kuɗi kyauta. Minti biyar na dubawa ya isa ya ceci kuɗin wata guda.

Littafin yana da wani amfani kuma, domin ba kowane kuskure ne alamar jabu ba. Kamfanin Turawan da ke riƙe da ganuwoyin bakin teku ya sa an buga kuɗin azurfa da ake kira aki a shekarar 1796 da 1818, kuma a cikin na 1796 akwai waɗanda aka yi kuskuren harafi a rubutunsu tun daga gidan bugu. Wanda bai karanta ba zai iya ƙin na gaskiya ya rungumi na jabu.

Yadda ake gane jabu

Kuɗi na gaskiya buga shi ake yi, wato a sa faifan ƙarfe tsakanin hatimai biyu na baƙin ƙarfe a danne da ƙarfin inji. Shi ya sa rubutunsa yake fita da kaifi, filinsa kuma sumul. Mai jabu na gargajiya kuwa zubi yake yi. Yakan danna kuɗin gaskiya a laka ko yashi ya sami siffa, sa'an nan ya zuba narkakkiyar darma ko kuza ko tagulla, ya shafe da ruwan azurfa. Kuɗin zubi yana da alamominsa. Haruffansa sukan yi kumburi kamar sun narke, filinsa yakan yi ƙananan ramuka kamar zanzana, a bakinsa kuma akan ga layin da ɓangarori biyu suka haɗu, ko alamar zarto inda aka goge shi. Wannan aiki ba yau aka fara shi ba. A tsakanin 1920 da 1938 jabun sule ya yi yawa a Afirka ta Yamma, har ya sa kuɗin da aka fitar a 1938 aka yi musu wani kwari a zagayen baki don ya yi wuyar kwaikwayo. Saboda haka tsufan kuɗi ba shaidar ingancinsa ba ne, ana iya samun jabu har a cikin kayan gado.

Masu jabu na zamanin nan sun fi na da wayo, domin su ma da inji suke bugawa, kuma suna shafa wa kuɗin wani baƙi-baƙi don ya yi kamar ya daɗe. Amma akwai abin da yake ba su wuya, wato su daidaita nauyi da faɗi da kauri duka a lokaci guda. Dalili kuwa shi ne azurfa ta fi jan ƙarfe da tagulla nauyi. In suka daidaita faɗi da kauri, sai nauyi ya gaza. In suka cika nauyi, sai kuɗin ya yi kauri fiye da kima. A nan ne mai saye yake da galaba.

Kafin ka taya

Na farko, kada ka taya kuɗin da ba ka ga fuskokinsa biyu da bakinsa a hoto mai haske ba. Bakin liyari yana da rubutun Latin da 'yan zane-zane masu tudu, kuma nan ne masu jabu suka fi kasawa. Idan babu hoton baki, nemi a turo maka, ka kuma nemi hoton kuɗin a kan sikeli yana nuna nauyinsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce shi bai san komai game da kuɗi ba, a akwatin kakansa ya tsinta, to ka ja da baya, don wannan magana ita ce mafakar da zai shiga in ka dawo da ƙorafi.

Na biyu, bincika hoton kansa. Wasu suna satar hoton kuɗi mai kyau daga shafin wani babban gidan gwanjo su liƙa a nasu. Google yana da hanyar neman hoto da hoto, in ka sa zai nuna maka inda ya taɓa fitowa. Haka kuma idan mai kaya yana da guda goma na kuɗin da aka ce yana da wuyar samu, kuma duk da ƙwarzane iri ɗaya a wuri ɗaya, to uwa ɗaya ta haife su.

Na uku, duba tarihin mai sayarwa. Kada yawan yabon da aka yi masa ya ruɗe ka, duba a kan me aka yabe shi. Wanda ya tara yabo a kan sayar da murfin waya, yau kuma ya wayi gari da kuɗin zinariya, ba a san shi a wannan fage ba. Karanta ƙorafin da aka yi a kansa, ko da guda uku ne.

Na huɗu, auna farashi. Babu mai hankalin da zai sayar da azurfa ƙasa da kuɗin da maƙeri zai ba shi in ya kai a narka. Idan ka ga liyari a rabin kuɗin azurfarsa, kada ka ce ka yi tsintuwa. Araha ba ta ado, kwaɗayi kuma mabuɗin wahala ne.

Na biyar, yanke wa kanka iyaka tun kafin gwanjo ya yi zafi, ka haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan da la'adar gidan gwanjo, domin manyan gidaje suna ɗora wa mai saye wani kaso a kan farashin da aka sallama. Akwai masu kayan da suke sa abokansu, ko su da kansu da wani suna, su riƙa ƙara tayi don su tunzura ka. Malamanmu sun san wannan tun da daɗewa, shi ne najashu da shari'a ta hana. Maganinsa ɗaya ne, in an wuce iyakarka ka bar musu kayansu.

Na shida, hanyar biya. Ka biya ta cikin shafin gwanjon, ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗinka in kaya bai zo ba ko ya saɓa wa abin da aka faɗa, ka kuma karanta wa'adin da aka ba ka na kai ƙara. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp zai rage maka, ka turo ta kuɗin waya ko ta masu aika kuɗi, to yana so ne ya fitar da kai daga inuwa zuwa rana. Kuɗin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo.

Ga mai son sayen abu mai tsada sosai, akwai kamfanoni biyu a Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987, waɗanda aikinsu shi ne su bincika kuɗi su rufe shi a cikin kwanson roba da lamba. Ana iya sa lambar a shafinsu a ga bayanin kuɗin, sau da yawa har da hotonsa. Amma a sani, kwanson ma ana yin jabunsa, a kwafi lamba ta gaskiya a liƙa. Don haka kada ka tsaya ga lamba, gwada hoton da ke shafinsu da wanda ake nuna maka, tabo da tabo.

Bayan kaya ya iso

Ka ɗauki hoton ƙunshin kafin ka buɗe da lokacin da kake buɗewa, sa'an nan ka yi gwaji a ranar, kada ka bari wa'adi ya wuce. Kayan aikin ba su da tsada: ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinariya, da ma'aunin faɗi, da maganaɗisu mai ƙarfi, da tabarau mai ƙara girma. Liyari ya kamata ya yi kusa da giram 28, faɗinsa kimanin milimita 40. Wanda ya sha hannu zai iya raguwa kaɗan, amma in ka ga giram 24 ko 25, magana ta ƙare. Sulen azurfa giram 5.66 ne, fataka kuma 11.31. Fam na zinariya na Ingila giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22. Azurfa da zinariya ba sa kama maganaɗisu, in kuɗi ya manne to akwai baƙin ƙarfe ko nikel a ciki. Sai dai rashin mannewa ba shaida ba ce, domin tagulla da darma su ma ba sa kamawa. Ka ɗora kuɗin a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa shi a hankali da fensir, azurfa tana da amo mai tsawo mai zaƙi, darma kuwa sai ta ce ƙwas ta yi shiru.

Akwai kuma gwajin ruwa, wanda ya fi duka tabbaci a gida. Auna kuɗin ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mai da shi sifiri. Ɗaure kuɗin da zare ka nutsa shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, ka rubuta abin da sikeli ya nuna. Raba na farko da na biyu. Liyari na gaskiya zai ba ka kusan 10.2, jan ƙarfe kusan 9, tagulla kuma ƙasa da haka. Kada ka yi gwajin zarto ko na ruwan batir, domin in kuɗin na gaskiya ne ka ɓata shi, in kuma jabu ne mai kaya zai ce ba haka ya aiko shi ba.

Ga masu kayan gado

Daga ƙarshe, muna jan hankalin iyayenmu mata da duk mai tsofaffin kuɗi a ajiye. Kada a goge su da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe don su yi ƙyalli. Masu tara kuɗi sun fi son su da launin tsufansu, gogewa tana zubar da darajarsu ƙwarai, haka ma huda su ko liƙa musu marataya. A kuma yi hattara da masu kiran waya su ce wani Bature zai sayi kwabo mai huda a kan dubban daloli, amma sai an fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji. Mai saye na gaskiya shi ke biya, ba a biyansa. Wanda kuma yake da niyyar fitar da wani tsohon abu na tarihi zuwa waje, ya tuna dokar 1969 ta ce sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, gara ya tambaya kafin ya kai gidan waya.

Shawararmu ga mai farawa ita ce ya fara da ƙananan kuɗi masu araha, ya riƙa auna su yana duba su har idonsa da hannunsa su saba, ya kuma kai wa amintaccen maƙerin fari duk abin da ya shige masa duhu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.